An dasa min na'urar ji a kunne ɗaya, amma ƙwaƙwalwa za ta saba da ita kuwa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar dashen na'urar ji, wadda ake zura wa waya a cikin katantanwar kunne, musamman ga wanda kunnensa ɗaya ne kawai ya mutu. Nawa na hagu ne, dare ɗaya ya ɗauke, na dama kuwa lafiyarsa ƙalau. An yi min aikin a Indiya, an kunna na'urar, na dawo gida. To abin da nake ji ta wajen ba magana ba ce. Muryar kowa ta zama siririya, ƙarau-ƙarau, ba na bambance ta matata da ta ƙanina. Idan na sa ta sai in ji tana ma dagula min abin da kunnen dama yake ji, kafin la'asar kaina ya yi nauyi na cire. Likitan ya ce in yi haƙuri, ƙwaƙwalwa za ta saba. Shin gaskiya ce, ko lallashi ne irin na likitoci? Kuɗin da aka kashe ba kaɗan ba ne, har fili aka sayar.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai zan faɗi ra'ayina ko ba zai yi daɗi ba. Tun ina firamare hangum ya kashe min kunnen dama, yau ga ni da jikoki, na koyar a aji har na yi ritaya, babu abin da ya gagare ni. Wanda kunnuwansa biyu suka mutu, wannan na yarda a sayar da fili a yi masa. Amma mai kunne ɗaya lafiyayye a buɗe masa ƙashin kai don me? Da ka tambaye ni kafin ka tafi da na hana ka.

Hajiya Bilki, Jamus: Malam, ka yi haƙuri, aikin gama ya gama, yanzu abin da zai taimake shi ya kamata mu faɗa. Baban Khalifa, ni ma ina da ita, kunnen dama, an yi min a nan shekarun baya. Duk abin da ka lissafa na ji shi. Watannin farko idan aka buɗe famfo sai in ji wani irin tsatsa mai kaifi, in juya ina neman abin da ya lalace. Yanzu ruwa ruwa nake ji. Muryar 'ya'yana ta dawo tasu. Ba zan ce maka ta yi daidai da kunnen da Allah ya halitta ba, har yau akwai ɗan dishi-dishi a cikinta, kuma kiɗa ba ya min daɗi ta wajen. Amma idan batirin ya mutu ina kan hanya, nan take nake jin rabin duniya ya rufe. Kada ka riƙa cirewa da la'asar, wannan shi ne babban abin da zan roƙe ka.

Baban Khalifa: Hajiya na gode. To amma me ya canza? Na'urar aka sauya miki ko me?

Hajiya Bilki, Jamus: Na cikin kai ita ce dai tun ranar farko. Saiti ake ta yi mata lokaci-lokaci, sauran kuma kaina ne ya koya. Anti Rakiya tana cikin zauren nan, aikinta ke nan, ita za ta fi ni bayani.

Anti Rakiya: Ina biye da ku, sai yanzu na tashi daga aiki. Ni gwajin ji nake yi, ba tiyata ba, amma bari in faɗi abin da ke faruwa a ciki, don idan mutum ya gane dalilin sautin da yake ji, haƙurin ya fi zuwa masa da sauƙi.

Katantanwar kunne bututu ne a nannaɗe, tsawonsa kamar milimita 35, ya yi zagaye biyu da rabi da ɗan wani abu. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyin halitta masu gashi a kai, waɗanda ke aika saƙo kai tsaye sun kai kusan 3,500, suna miƙa shi ga zaruruwan jijiyar ji kusan 30,000. Kuma a jere suke bisa tsari: na bakin ƙofa suna karɓar sirirun sautuka masu kaifi, na can ƙuryar suna karɓar masu kauri. Tun kana jariri ƙwaƙwalwarka ta haddace cewa saƙon da ya fito daga wuri kaza yana nufin sauti kaza.

To na'urar da aka sa maka ta tsallake waɗannan ƙwayoyin da suka mutu, tana taɓa jijiyar da lantarki. Amma ɗigogin ƙarfen da ke jikin wayar ba su da yawa: ta kamfanin MED-EL 12 ne, ta Advanced Bionics 16, ta Cochlear 22. Ka ga aikin dubbai an ɗora wa 'yan ƙalilan, kuma lantarkin kowane ɗigo yana fantsama ya taɓa na maƙwabcinsa. Wannan shi ne ƙarau-ƙarau ɗin. Na biyu, wayar galibi ba ta kaiwa ƙarshen ƙuryar. Saboda haka sauti mai kauri, irin muryar ƙaninka, ana sauke shi a wurin da ƙwaƙwalwa ta sani da sauti mai kaifi. Shi ya sa kowa ya koma siririn murya. Kunnenka bai lalace da aikin ba, adireshin saƙon ne ya goce.

Abin da ake nufi da sabawa shi ne ƙwaƙwalwa ta sake haddar. An auna wannan, ba zance ne kawai ba. Wata mai bincike a Amurka, Lina Reiss, ta bi masu na'urar tsawon lokaci ta ga kaifin sautin da mutum yake ji daga ɗigo guda yana sauyawa bayan watanni, alhali ɗigon yana nan inda yake. Mafi yawan ci gaban a watanni 3 zuwa 6 na farko ake ganinsa, yana ci gaba a hankali har shekara da fiye. Kai kuwa yanzu ka fara.

Injiniya Nura: Anti, tambaya. Ni na ɗauka mai kunne ɗaya lafiyayye zai fi saurin sabawa, tunda yana da abin da zai gwada da shi. Ba haka ba ne?

Anti Rakiya: Nan ne gizo ke saƙar, Injiniya. Lafiyayyen kunnen taimako ne, kuma shi ne babban abokin hamayya. Wanda kunnuwansa biyu suka mutu ba shi da zaɓi, ƙwaƙwalwarsa dole ta rungumi na'urar don babu wani abu. Shi kuwa Baban Khalifa, dama tana kawo sauti tas, hagu tana kawo mai gargada, a lokaci guda. Wanne ƙwaƙwalwa za ta saurara? Mai sauƙin mana. Kuma kullum tana da ma'auni a hannu tana cewa wannan bai kai wancan ba.

Akwai kuma abin da ya faru tun kafin aikin. A ka'ida saƙon kowane kunne ya fi ƙarfi a ɓangaren ƙwaƙwalwa na ɗaya gefen: kunnen hagu ya fi aika wa dama, na dama ya fi aika wa hagu. Idan ɗaya ya yi shiru, wurin da yake aika wa ba ya zama fanko. Kunnen da ya rage sai ya fara motsa ɓangarorin biyu kusan daidai. Kamar gonar da mai ita ya daɗe bai noma ba ce, maƙwabci kowace damina yana ɗan cin iyaka. Ranar da mai gonar ya dawo, kafin ya karɓe abinsa sai an sha fama, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon abin da aka ci. Saboda haka ne muke tambayar kowa tun yaushe kunnen ya mutu kafin mu tambayi komai.

Malam Habu: To kin ga kin dawo kan maganata. Idan ƙwaƙwalwa ta riga ta gyara kanta ta jingina da kunne ɗaya, ai hikimar Ubangiji ce, ta yi wa kanta magani. Me ya sa za a je a tayar da abin da ya lafa?

Injiniya Nura: Malam, da girmanka, a nan ban yarda ba. Akwai abin da kunne ɗaya ba zai taɓa iya yi ba komai gyaran da ƙwaƙwalwa ta yi, don lissafi ne. Sauti yana tafiya kusan mita 340 a daƙiƙa. Idan aka yi hon daga hagunka, yana isa kunnen hagu kafin na dama da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma yana isa na daman da rauni saboda kai ya tare shi. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wurin da saƙon kunnuwan biyu ke haɗuwa, aikinsa ke nan ya gwada wanne ya riga iso, wanne ya fi ƙarfi. Daga nan kake sanin inda hon ya fito ba tare da ka duba ba. Wani masanin kimiyya na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana wannan tun 1907. Gwaji kuwa ba ya yiwuwa da abu ɗaya. Malam, tsakaninka da Allah, idan wayarka ta yi ƙara a ɗaki ba ka san inda ka ajiye ta ba, kana zuwa wurinta kai tsaye?

Malam Habu: Ba na zuwa. Jikoki nake sawa su nemo. Kuma a majalisa ina zaɓar inda zan zauna, kowa ya kasance ta haguna. Tsallaka titi kuwa sai na duba sau biyu kowane gefe. Amma wannan duk dabara ce da mutum ke koyo, ba ta kai a sayar da fili ba.

Baban Khalifa: Malam, kai kana yaro ya same ka, ka tashi a haka. Ni da girmana ya same ni, a kasuwa nake wuni. Mai saye yana tsaye ta haguna yana tayi, janareto na ruri, ni ban ma san yana magana ba, har a ce wulaƙanci nake yi. Amma ba wannan ne ya kai ni Indiya ba. Ƙugin ne. Tun da kunnen ya mutu wani shuuu yake yi dare da rana, ko barci ba na samu. Kuma gaskiya, tun da aka kunna na'urar, muddin tana kaina ƙugin yana lafawa sosai. Da na cire yake dawowa.

Anti Rakiya: To ka ga ka ɓoye mana labari mai daɗi! Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ta wannan ƙofar aka fara yi wa masu kunne ɗaya dashen. A da ra'ayin likitoci irin na Malam Habu ne sak: ana ganin ƙwaƙwalwa ba za ta iya haɗa sautin lantarki da na halitta ba, za su yi ta karo ne. Ita kanta na'urar ta daɗe. A 1977 Ingeborg da Erwin Hochmair suka yi tasu a Viyana, a 1978 Graeme Clark ya dasa wa wani mutum tasa a Melbourne ta Ostareliya, amma duk don masu kurumtar kunne biyu. Sai wani likita a Antwerp ta Beljiyam, Paul Van de Heyning, ya gwada ta a kan masu kunne ɗaya da ƙugi ya addaba, ya fitar da sakamakon a 2008. Ƙugin ya ragu ga mafi yawansu, sannan aka lura suna kuma samun sauƙin jin magana a wasu yanayin hayaniya. Daga nan ƙofa ta buɗe. Hukumar kula da magunguna ta Amurka sai a 2019 ta amince da na'urar MED-EL don kurumtar kunne ɗaya, daga ɗan shekara 5 zuwa sama, ta amince da ta Cochlear a 2022. Abin sabo ne.

Dalilin lafawar ƙugin kuwa, bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne: idan saƙo ya daina zuwa daga kunne, ƙwaƙwalwa tana ƙara wa kanta ƙarfin sauraro tana neman abin da ya ɓace, har ta fara jin motsin jijiyoyinta. Da saƙo ya dawo, ko mai gargada ne, sai ta sassauta. Wato ƙwaƙwalwarka ta riga ta fara amsa wa na'urar, Baban Khalifa, kai ne ba ka ƙirga shi a cikin riba ba.

Injiniya Nura: Amma don adalci ga Malam, na karanta cewa na'urar ba ta isar da wannan ɗan bambancin lokacin yadda ya kamata. Bambancin ƙarfi kawai take bayarwa.

Anti Rakiya: Haka ne. Shi ya sa masu ita ke iya cewa daga hagu ne ko daga dama, su fi yadda suke a da nesa ba kusa ba, amma ba sa kai mai kunnuwa biyu lafiyayyu. Duk wanda ya yi maka alkawarin kunne sabo fil, talla yake yi.

Baban Khalifa: To yanzu me zan yi a aikace? Don in na zauna cikin mutane kunnen dama ne ke yin komai.

Hajiya Bilki, Jamus: Bari in gaya maka yadda aka koya min. Na farko, daga farkawa har kwanciya tana kaina. Ban san ko an faɗa maka ba, na'urar tana rubuta yawan awannin da ka sa ta, ranar saiti mai gwajin zai gani a kwamfuta, ba a yi masa ƙarya. Na biyu, kowace rana ka ware lokaci ka haɗa ta da wayarka kai tsaye, sautin ya shiga na'urar kaɗai, kunnen dama bai ji komai ba. Toshe kunnen da auduga ko yatsa ba ya wadatarwa, lafiyayyen kunne yana satar ji ta cikin toshiyar, kai kana zaton na'urar ce ke aiki.

Ni da karatun Alƙur'ani na fara, surorin da na haddace tun ina yarinya, mai karatu a hankali, ina bin mus'hafi da yatsa. Da farko ƙara ce kawai mai hawa da sauka, amma da yake na san kalmar da ke zuwa, sai ƙarar ta fara ɗaukar siffar kalmar. Ranar da na rufe mus'hafin na gane inda mai karatun yake a cikin Tabaraka ba tare da na duba ba, kuka na yi. Daga nan na koma labaran rediyo, daga baya hira ta mutum biyu, wadda ta fi wuya. Kuma ka sa a gida su riƙa zama ta gefen na'urar suna maka magana, kada kowa ya riƙa zagayawa damanka don tausayi.

Abu ɗaya na maza: hula. Ka nemi mai ɗan yalwa, don matsattsiya tana ture maganaɗisun da ke riƙe ɓangaren waje na na'urar a jikin kai, ko ta danne fatar wurin har ta yi ja. Idan wurin ya yi ja ko yana ciwo a rage ƙarfin maganaɗisun, kada ka daure.

Anti Rakiya: Duk abin da Hajiya ta faɗa na sa hannu. In ƙara da saiti. Nauyin kan da kake ji da la'asar, wani ɓangarensa gajiyar koyo ce, amma yana iya zama an ba wasu ɗigogin ƙarfi fiye da yadda jijiyar ke so. Watannin farko ana sake saiti sau da yawa don jijiyar na canzawa. Wannan ce matsalar masu zuwa waje a yi musu aiki su dawo: tiyatar yini ɗaya ce, bibiyar ita ce ta shekaru. Ka tuntuɓi inda aka yi maka su haɗa ka da wakilin kamfanin da ke iya saiti a nan, ka kuma je sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, su buɗe maka fayil. Ga ƙurar hunturu da zufa, kada ka kwana ba ka sa ta a akwatin busarwa ba.

Sannan ka sani harshenmu yana da nasa wahalar. Hausa da karin sauti take aiki, kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne ke raba su, kuma na'urar ta fi rauni daidai a nan. An ga haka a masu jin Sinanci, su ma harshensu na karin sauti ne. Kai ka yi sa'a kunnen dama zai riƙe maka wannan.

Ummu Sudais: Don Allah ku ba ni dama, tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Yarona ɗan shekara 4 ya yi sanƙarau a bazarar nan, Allah ya tashi kafaɗarsa. Bayan an sallame mu na lura in ya kwanta a kan kunnen dama ba ya jin kira. An gwada an ce na hagu ya tafi gaba ɗaya. Kakarsa ta ce a bar shi ya girma tukuna, in ya so ya zaɓa da kansa. Babansa ma ya fi karkata can. Ni kuma ban sani ba.

Malam Habu: 'Yata, ni ne misali a gabanki. Ki bar yaro ya huta, ya sha wahalar ciwo. Zai yi karatu, zai yi sana'a. Ki dai gaya wa malamansa su zaunar da shi a gaba, kunnen mai ji yana fuskantar malami.

Anti Rakiya: Malam, a nan dole in saɓa maka da ƙarfi, ba don shawarar zama a gaban aji ba, wannan daidai ce. Ummu Sudais, sanƙarau daban yake da hangum. Bayan sanƙarau katantanwar tana iya fara cikewa da tsoka sannan ta zama ƙashi, wani lokaci cikin makonni ko 'yan watanni. In ta toshe, wayar ba ta da inda za ta shiga. Wato zaɓin da kaka ke so a ajiye masa har ya girma, yana iya ɓacewa kafin baɗi. Ban ce lallai a yi masa dashe ba. Na ce a kai shi wurin likitan kunne cikin makon nan, a yi hotunan cikin kai da ake kira CT da MRI a ga halin da katantanwar ke ciki. Kuma a ci gaba da gwada kunnen daman, don sanƙarau yakan taɓa duka biyun, wani ya biyo baya a hankali. In na daman ya fara sauka alhali na hagun ya riga ya toshe, kin ga inda aka shiga.

Ban da toshewar, akwai ƙwaƙwalwar kanta. Cin iyakar da na faɗa ɗazu ya fi sauri da zurfi a yaro. Anu Sharma a Amurka ta auna yadda ƙwaƙwalwar yaran da aka haifa kurame ke amsa sauti, ta ga waɗanda aka yi wa dashe kafin shekara 3 da rabi amsarsu tana komawa daidai, waɗanda suka wuce 7 kuwa galibi ba ta komawa. A Toronto ta Kanada, Karen Gordon da abokan aikinta sun duba yaran da aka dasa wa kunne ɗaya aka jinkirta na biyun: in jinkirin ya wuce kamar shekara ɗaya da rabi, ƙwaƙwalwar ta riga ta karkata ga kunnen farko, kuma karkatar ba ta gyaruwa da sauƙi. Andrej Kral a Hannover ya ga irin wannan a kyanwoyin da aka haifa kurame. Sudais yana da abu ɗaya a hannunsa: kunnen ya yi shekara 4 yana ji, hanyoyin sun ginu. Abin da ake gudu shi ne a bar su su daɗe a rufe.

Malam Habu: To ni da na yi karatu har na koyar fa?

Anti Rakiya: Kai ka tsallake, Malam, alhamdu lillahi, amma ba kowa ba. Tun shekarun 1980 Fred Bess da Anne Marie Tharpe a jami'ar Vanderbilt suka bi yara masu kunne ɗaya, suka tarar kusan kashi 35 cikin 100 sun maimaita aji aƙalla sau ɗaya. Ka koyar, ka san yaron da ake cewa ba ya mai da hankali, ko mai taurin kai ne. Wasunsu ji ne ba sa yi sosai cikin surutun aji.

Inda na ba ka gaskiya shi ne a kanka kai. Kunnen da ya yi shiru tun ƙuruciya har tsufa, ba zan ba ka shawarar dashe ba, ƙila ka sha wahala a banza. Ƙa'idar Amurka ma ta iyakance shi ga wanda kurumtarsa ba ta wuce shekara 10 ba. Haka yaran da aka haifa da kurumtar kunne ɗaya, da yawansu jijiyar ce ba ta ginu ba ko ta yi siriri, in babu jijiya kuwa na'urar ba ta da abin taɓawa, shi ya sa MRI ya zama tilas. Ga irinku akwai na'urar da ake maƙalawa ba tare da tiyata ba, tana ɗauko sauti daga mataccen gefen ta kai wa mai ji. Za ka ji mai magana ta damanka, sai dai ba za ta nuna maka inda sauti ya fito ba, tunda har yanzu kunne ɗaya ke aiki, kuma ba ta rage ƙugi.

Malam Habu: Na ji, kuma batun yaron na janye, a kai shi a duba. Amma ina nan kan bakata game da manya. Ku faɗa wa mutane duka: aikin nan yana da haɗari, kuma akwai waɗanda aka yi wa suka jefa na'urar a durowa. Sannan bayan kuɗin aiki akwai batir, akwai waya in ta tsinke, akwai canjin ɓangaren waje na na'urar bayan wasu shekaru, duk da dala. Talaka ya ji wannan kafin ya sayar da gonarsa.

Hajiya Bilki, Jamus: Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Ni na yi fama da jiri na kwanaki bayan aikin, kuma gefen harshena ya daɗe yana ɗanɗanon ƙarfe. An kuma yi min rigakafin sanƙarau kafin a shiga da ni, don mai na'urar haɗarinsa ya ɗan fi na sauran mutane. Jijiyar da ke motsa fuska ma kusa da wurin take bi, shi ya sa ba kowane likita ake ba wa kai ba. A nan inshora ce ta biya min, ban san abin da zan yanke ba da daga aljihuna ne.

Nas Talatu, Bauchi: Ku ƙara da zazzaɓin Lassa a lissafin, mu nan muna ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 1 cikin 4 na waɗanda suka warke suna samun matsalar ji, wani kunne ɗaya wani biyu, kuma kusan rabinsu jin yana ɗan dawowa cikin wata 1 zuwa 3. Duk wanda aka sallama ya kamata a gwada kunnensa.

Abban Zara: Salam, yanzu aka sa ni a zauren nan saboda wannan maganar. Shekaranjiya na tashi kunnena na dama ya toshe ɗif, yana ƙara, kamar ruwa ya shiga. Mai kemis ya ce datti ne ya ba ni maganin ɗigawa, har yanzu shiru. In jira zuwa mako mai zuwa?

Anti Rakiya: Kada ka jira. Ka rufe baki ka yi "mmm" yanzu. In ka ji sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, ƙila datti ne ko ruwa. In ya gudu zuwa lafiyayyen, alama ce ta kunnen ciki, kuma wannan gaggawa ce: maganin siteroid da likita ke bayarwa ya fi aiki in an fara shi da wuri, cikin makonni 2 na farko, kowace rana tana da daraja. Ko me ka ji, gobe da sassafe ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ka ce musu ji ne ya ɗauke farat ɗaya kana so a yi gwajin ji a ranar. Kada ka sayi siteroid da kanka, musamman in kana da ciwon suga ko hawan jini.

Abban Zara: Na yi. A hagu nake jin sa, lafiyayyen.

Anti Rakiya: To ka ajiye maganin ɗigawar. In akwai asibitin koyarwa kusa da kai ka tafi sashen gaggawa yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe. Wane gari kake?